Darasin Bakin Ƙofa

Duk ɗalibin da ya bi ta hannun Malamar Bayoloji, ko ya manta komai na makaranta, ba ya manta darasin bakin ƙofa. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, muryarta ta fi jikinta girma, hannun rigarta kullum fari fat da alli. Ba ta duka, don ba ta buƙata. In ta sauke tabarau kan hanci ta dubi yaro, shi da kansa zai tuno laifin da ya yi makon jiya.

'Yar mahauci ce, kuma ba ta ɓoyewa. Tun ba ta kai tsawon teburin ubanta ba take hawa kan bokiti a kife tana kallon fiɗa. Kafin ta iya haɗa baƙi ta san hanta, ta san saifa, ta san in aka hura huhu ta maƙogwaro yakan kumbura ya yi jajir. Baba ya so ta zama likita, ita ma ta so, sakamakon jarrabawa ne bai so ba. Aka tura ta kwalejin horon malamai, ta shiga tana kuka, ta fito da alli a hannu. Daga baya in an taɓo zancen takan ce ai gara ita, marasa lafiyarta ba sa mutuwa, iyakarsu su faɗi jarrabawa su maimaita aji.

A cikin karatun yadda jiki ke fitar da ƙarfi daga abinci akwai wani ɗan mataki da ake kira matakin haɗi. 'Yan layuka ne a littafi, amma yara sun tsane shi saboda sunayensa masu karya harshe. Ita sai ta ture littafin gefe ta fito da su baranda.

"Nan barandar farfajiyar ƙwayar halitta ce," za ta ce. "A nan ake fasa gulukos gida biyu. Kowane ɓari kabon uku ne, sunansa payirubet. Ku uku, ku zo nan, ku riƙe hannu."

Cikin ukun ba a rasa sarkin surutun aji, da gangan take zaɓo shi. Sai ta shigar da su ɗakin gwaji, ta ce yanzu sun shiga maitokondiriya, wato murhun ƙwayar halitta. A ƙuryar ɗakin akwai ɗan sito inda ake ajiye kwalabe da ƙwarangwal ɗin roba. Siton shi ne zagayen Krebs, inda ake ƙarasa aikin, kuma ba a shigarsa a uku. Ita ce za ta tsaya a bakin ƙofar, ta riƙe ƙugu, ta ce sunanta enzayim, mai gadi. Ta kamo kunnen sarkin surutu.

"Kai ne kabon dayoksaid. Ba ka da aikin yi a ciki. Fita, jiki ya numfasar da kai!"

Aji ya kwashe da dariya, yaro ya fice yana tafiyar ƙasaita. Sai ta zare biro daga aljihun ɗaya cikin biyun da suka rage, ta ce wannan haidurojin ne, ta miƙa wa wata yarinya mai suna NAD a ranar, ta ce ta riƙe da kyau za a nema a gaba. Sannan ta kira wani, ko'enzayim A, ya kama hannun biyun nan ya ja su cikin sito.

"Sun zama asetil ko-A, sun shiga. Shi ke nan. A nan ba a samun ƙarfi kai tsaye, ko ɗiso. Ƙofa ce kawai. Ku rubuta mu wuce."

Haka take cewa kowace shekara, ku rubuta mu wuce, don zango gajere ne kuma manyan tambayoyin jarrabawa suna gaba.

Mijinta mai gyaran firij ne, kowa Injiniya yake ce masa, har ita. A ɗakin gwajin ma suka haɗu. An kira shi ya duba firij ɗin makaranta, ya buɗe ya yi ido huɗu da kwaɗi a cikin kwalba, ya ja da baya ya taka mata ƙafa. Yakan ce tun daga ranar yake ba ta haƙuri, har yau bai gama ba. Mutum ne mai sanyi, dogo, mai warin gas da man inji, wanda in an yi masa faɗa sai ya nemi abin da zai ɗaure da sukurdireba.

Sun daɗe ba haihuwa. An yi maganganu, irin waɗanda ake yi, wasu a bayan ido, wasu a gaban ido da sunan tausayi. Malama ta shanye da yawa, ta mayar da martanin wasu, har aka san ba a kawo mata wargi. Sai da ta fara cire rai, furfura ta leƙo a gefen kanta, sannan Allah ya kawo ɗa namiji. Ranar Injiniya ya gyara firij uku bai karɓi ko sisi ba.

Yaron bai cika kuka ba. Ya sha nono kaɗan ya yi barci, a tashe shi ya ƙara kaɗan ya koma. Maƙwabta har ƙyashi suke yi, wai ta samu ɗan hutu. Ubansa ya raɗa masa Sarkin Barci, sunan ya bi shi har aka kusa manta na yanka. Sai dai jikinsa laushi gare shi, in an ɗaga shi kansa ya langaɓe. Sa'o'insa suka zauna yana kwance, suka yi rarrafe yana koyon zama, suka fara gudu a layi shi yana bin bango. Da ya tashi tafiya kuwa, sai ka ce a kan katifa yake taka ƙasa. Maganarsa a hankali take fita, kalma ɗaya-ɗaya, amma kansa lafiya lau, ga shi da ban dariya. In an kai shi shago yakan manna kunne a jikin firij ya lumshe ido kamar ubansa, ya ce, "Ba gas." Masu kawo gyara su yi ta kyakyatawa, Injiniya ya ce wallahi wani lokacin gaskiya yake faɗa.

Ciwon yakan zo ne da ɗan zazzaɓi ko mura. Yaro ya yi laƙwas, ƙafafu su ƙi ɗaukarsa, ido ya yi nauyi, numfashi ya riƙa fita da sauri da zurfi kamar wanda ya sha gudu, alhali yana kwance. Mata suka yi ca da shawara. Wannan ta ce hayaƙi, waccan ta kawo saiwa a ƙulle a leda, wata ta ce shafar iska ce. Malama ta sallame su duka, wasu da godiya, wasu da kallon nan na saman tabarau. Ba ɗanta za a yi wa gwaji da itace ba.

Ita ta san abin da ke damunsa, ko dai ta ɗauka ta sani. Yaro ba ƙarfi. Ƙarfi kuwa daga ina yake zuwa? Rabin rayuwarta wannan amsar take rubutawa a allo. Ta aiki Injiniya kemis ya sayo gwangwanin gulukos, ta dama a kofi, ta tallafo kan yaron tana ba shi da cokali. Ya sha, ya lashe leɓe, ya ce ƙara. Ya sa masa suna ruwan Umma. Daga nan gwangwanin bai sake yankewa a gidan ba. In ya kwanta a ba shi don ya tashi, in ya tashi a ba shi don kada ya kwanta. Wa zai ga laifinta? Wata uwar da ba ta yi karatu ba da ta tsaya a hayaƙi da addu'a. Ita iliminta ne ya miƙa mata cokalin.

Kwanciyar ta riƙa yawaita, kowacce ta fi ta baya tsawo. Ƙananan asibitoci suka ce maleriya ce, suka ce taifod, suka ce ƙarancin jini. Duk inda aka je sai a ɗaura masa ƙarin ruwa, Malama ta karanta jikin ledar ta ga akwai sukari, hankalinta ya ɗan kwanta. Numfashin kuwa sai ya ƙara gudu. A ɗauka ciwon ne ke cin ƙarfinsa, a ƙara wata leda. In ya farfaɗo, kullum da abin da ya bari a baya. Wannan karon hannun hagu ya fara rawa, wancan karon ido ɗaya ya ɗan karkace.

Yana gab da isa sawa a makaranta aka tura su babban asibiti. Can suka haɗu da wani likitan yara, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa kamar kada ya tashi wani daga barci. Ya daɗe yana kallon yadda yaron ke numfashi. Aka ɗebi jini, aka ɗebi ruwan baya, aka aika wani gwajin wata ƙasa. Suka yi ta zuwa suna komawa har masu gadin asibitin suka san su. Ranar da sakamako ya iso, likitan ya sa aka fita da yaron wajen ma'aikaciyar jinya, ya ce su zauna. Ya jawo 'yar takarda ya fara zane, irin bayanin da ake yi wa wanda bai san komai ba.

"In mutum ya ci sukari, ko duk abin da ke zama sukari a ciki, jiki yakan fasa shi gida biyu. To, wannan ɓarin..."

"Payirubet," in ji Malama.

Ya ɗago kai. "Hajiya, wane aiki kike yi?"

"Koyarwa. Bayoloji."

Sai ya ajiye biron. Ta lura da ajiyewar.

"To, ba sai na wahalar da ke ba. Enzayim ɗin da ke mayar da payirubet asetil ko-A, na ɗanki kaɗan ne ke aiki. Da haka aka haife shi."

Bai ƙara ba, ita ta ƙarasa, da muryar aji, kamar wata ce ke magana da bakinta. In payirubet bai wuce ba, zai taru. In ya taru zai juye ya zama laktik asid. Asid ɗin ya cika jini. Numfashin nan mai gudu ba gajiya ba ce, jiki ne ke ƙoƙarin rage tsamin jinin. Ƙwaƙwalwa kuma, da ta fi kowa dogara da sukari, tana zaune da yunwa abinci na jibge a bakin ƙofa. Likitan yana gyaɗa kai. Injiniya yana kallon wannan ya kalli wancan, fuskarsa har da ɗan alfahari, matarsa na magana da likita kai da kai.

"In ya kwanta, me kuke ba shi a gida?" likitan ya tambaya.

Injiniya ya gyara zama, ga tambayar da ya san amsarta. "Ai, likita, ta nan ba mu da matsala. Ba ma ba shi na gargajiya ko kaɗan, uwarsa ta hana. Gulukos take dama masa, safe da rana da yamma. Ni nake sayowa, babban gwangwani."

Malama ba ta yi kuka ba. Zanen da ke kan takardar take kallo, kibiya ɗaya da likitan bai ƙarasa ba.

"Da ban ba shi ba fa?" ta ce.

"Ciwon ba ke kika sa masa ba, Hajiya."

"Ba ita na tambaye ka ba."

"Da ya riƙa zuwa da sauƙi, wataƙila. Ban san iya nawa ba. Ba wanda zai iya faɗa miki."

Magani na warkewa babu. Abin da ake iya yi shi ne a kauce wa ƙofar. Kitse in ya narke a jiki, kabon bibbiyu yake fitowa, ya zama asetil ko-A kai tsaye, ba ruwansa da mai gadi. Wannan ma ta sani, kibiya ce da take ja daga gefen allo in lokaci ya rage. Saboda haka daga yau abincinsa mai ne da ƙwai da man shanu da kitse, da ɗan nama da ganye, da wani bitamin mai yawa ko zai zaburar da ɗan enzayim ɗin da ya rage. Ba sukari, ba burodi, ba shinkafa, ba duk wani abu na gari. Abin da ya riga ya lalace a ƙwaƙwalwa kuma ba ya dawowa.

A hanyar gida yaron ya yi barci a kafaɗar ubansa. Da suka shiga ta ɗauki gwangwanin ta juye a magudana, ta bi shi da ruwa. Injiniya yana tsaye yana kallo. Kwana da kwanaki tana jira ya ce wani abu, ya yi faɗa, ya tuna mata yadda ta kori mata da saiwoyinsu tana taƙama. Bai ce ba. Ya gyara maɓallin fanka da ba abin da ya same shi, ya ɗaure ƙafar kujera. Ranar da abin ya ishe ta, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Injiniya, ka yi magana mana. Ka ce ni ce."

"In ce me, Malama? Ke kika dama, ni na sayo. Shi kuma ya ce ƙara."

Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi, don da ta samu wanda za ta yi faɗa da shi.

Sabon abincin yaƙi ne. Yaron da duk duniya ba abin da ya sani na daɗi kamar ruwan Umma, yau an tura masa ƙwai yana iyo a mai. Ya kauda kai, ya tofar, wanda ya shiga ya dawo. Ta yi lallashi, ta yi wasan jirgi da cokali, ta yi tsawa, ta koma bayan ɗaki ta share ido ta dawo. Baba, da ƙafa ta riga ta hana shi tsayuwar kasuwa, ya koma wajen tsofaffin yaransa yana zaɓo kitse mai kyau, ya doka sanda ya kawo da kansa kowace safiya. Yakan zauna kusa da jikan yana ci a gabansa yana santi na ƙarya.

"Kai, Sarki, wannan ai abincin manya ne. Ni da shi na girma, dubi ƙarfina." Ya ɗaga siririn damtsensa, yaron ya yi dariya, Malama ta yi wuf ta zura cokali.

Wata rana ta dawo daga makaranta ta same shi a bayan kicin, ya tono tsohon gwangwanin daga cikin shara, ya zura yatsa yana lasar tsatsa. Ta fizge da ƙarfin da ba ta yi niyya ba, har ya faɗi zaune. Bai yi kuka ba. Ya ɗago ya dube ta da idon nan da ya karkace, ya haɗa kalmominsa ɗaya bayan ɗaya.

"Umma, kin daina sona?"

Ta durƙusa a wurin, cikin ɓawon ƙwai da tokar murhu, ta rungume shi. Ta iya yi wa aji guda bayanin abin da ke cikin jininsa, amma ba ta da bayanin da zai shiga kan wannan yaron.

An ɗan ga haske, ba za a ce ba a gani ba. Wata biyu ko uku bai kwanta ba. Rawar hannun ta ragu. Har ya taka daga ƙofar ɗaki zuwa bakin famfo ba tare da ya dafa komai ba, Injiniya na biye da shi da hannuwa a buɗe kamar mai korar kaza. Malama ta fara tambayar kuɗin ɗinkin rigar makaranta. Ba ta kai ga yankan yadin ba, mura ta zaga unguwa, ta shigo gidan, yaron ya sake kwantawa.

A cikin wannan kwanciyar ne zango ya kawo ta kan matakin haɗi. Ta so ta rubuta a allo kawai ta wuce, amma yara sun sha labari wajen na gaba da su, tun kafin ta ajiye jaka sun fita baranda, sarkin surutun bana har ya miƙo kunnensa. Ta bi su. Uku suka riƙe hannu, suka shigo, suka tsaya a gaban sito. Ta tsaya a bakin ƙofar. Sai ta kasa ɗaga hannu.

"Malama, ki kore shi mana!"

"Yau mai gadi ba shi da lafiya," ta ce. "Wasu uku su taso."

Suka taso suna dariya, sun ɗauka sabon salo ne. Ta ce wasu uku. Ta ce wasu. Kan ka ce kwabo rabin aji ya cunkushe a lungun, ana ture-ture, ana taka ƙafar juna, wata ta bige kwalba, mai riƙe da matsayin ko'enzayim A yana tsaye a gefe da hannu a miƙe ba wanda aka ba shi.

"To, in aka ga ba ƙarfi a ciki, me za a yi?" ta tambaya.

"A ƙaro gulukos!" in ji wata mai ƙoƙari a layin gaba, irin ɗalibar da Malama ke so, irin wadda ita ma ta kasance.

"A ƙaro," in ji Malama. "Sauran ku taso."

Suka taso gaba ɗaya. Lungun ya cika maƙil, zafi ya tashi, wani ya ce wayyo numfashina, aka sake fashewa da dariya. Ita tana tsaye, bayanta a jikin ƙofar, hannuwanta a sake. A hankali na gaba suka ga fuskarta, dariyar ta riƙa mutuwa daga gaba zuwa baya. Ba wanda ya taɓa ganin hawaye a ƙarƙashin tabaran nan. Ta ce su koma su zauna, su karanta shafin da kansu. Ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta ko sanar da shugaban makaranta ba.

Daga wannan kwanciyar Sarkin Barci bai sake takawa ba. Haɗiya ta fara yi masa wuya, ruwa ma sai ya sarƙe shi. Maganar ta koma kalma ɗaya, wani lokaci rabin kalma. Numfashin da a da gudu yake yi, yanzu ya koyi wani abu sabo: ya ja dogo, ya sauke kamar mai ajiyar zuciya, sannan ya tsaya, sai an ƙirga abin da aka ƙirga ya dawo. Aka ɗauki hoton kansa. Likitan ya ɗaga hoton a jikin fitila ya nuna mata tabo biyu, dama da hagu, can ƙasa inda ake riƙe da numfashi. Bai yi mata bayani ba, ita ma ba ta nema ba.

Sun yi makonni a asibitin. Malama ta ci gaba da auna mai da cokali, tana faɗa da duk wanda ya matso da leda mai sukari, har ma'aikatan suka sa mata suna. Wata safiya likitan ya zo zagaye, ya duba yaron, ya daɗe yana wanke hannu. Sannan ya ce gara su koma gida, ya fi samun hutu a ɗakinsa.

"Abincin fa, likita?" in ji Injiniya. "Mu ci gaba yadda muke yi?"

"Ku ba shi duk abin da yake so."

Fuskar Injiniya ta washe. "Har da mai zaƙi? Kin ji, Malama? An sassauta!"

Ya juyo yana murmushi, ya ga matarsa ta kama ƙarfen gado da hannu biyu. Murmushin ya daɗe a fuskarsa bayan ya gane, don bai san inda zai kai shi ba.

Duk da haka, da suka isa gida sai ya fita. Bai iya zama ba, kuma ba abin da ya rage a gidan da bai ɗaure ba. Ya dawo da leda biyu cike: biskit, alewa, burodi mai laushi, lemon kwalba, ayaba, duk abin da yaron ya taɓa nunawa da yatsa aka ce a'a. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar tsakar gida ya jera su kamar mai buɗe shago. Baba na zaune a kan kujera, haɓarsa a kan sanda. La'asar ta yi, rana ta sauka daga kan katanga. Malama ta fito da yaron ta zauna, ta jingina shi a ƙirjinta yadda zai ga kayan.

"Sarki, dubi. Duk naka ne. Wanne za a buɗe?" in ji ubansa. Ya ɗaga alewa, ya ɗaga biskit, ya kaɗa kwalbar lemo.

Idon yaron ya bi hannun kaɗan, ya gaji, ya sauka. An daɗe ana hana shi, ya daina roƙo, yanzu kuma ko sha'awar babu. Malama ta sunkuya daidai kunnensa.

"Me kake so, ɗan Umma? Faɗa mini. Ko mene ne."

Leɓensa ya motsa. Sai da ta kai kunnenta bakinsa ta ji.

"Goyo."

Ya yi girma da goyo, ƙafafunsa har gwiwarta suke kaiwa, amma nauyin ba wani nauyi ba ne. Injiniya ya ɗora mata shi, ta ja zane ta ɗaure a ƙirji, ta ƙara da majanyi. Kansa ya kwanta a tsakanin kafaɗunta. Ta fara tafiya, daga bakin famfo zuwa ƙofar kicin, ta juyo, tana ɗan jijjiga shi kamar jariri. Tana jin numfashin a bayanta. Ya ja, ya sauke, ya tsaya. Ta jira. Ya dawo. Ta ci gaba. Ya ja, ya sauke, ya tsaya.

Ƙudaje suka fara sauka a kan ayabar, ba wanda ya kore su. Can Baba ya ɗago kai ya dubi ƙafafun yaron da ke lilo, ya daɗe yana dubawa, shi da ya yi rayuwarsa yana ganin yadda rai ke barin jiki. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"'Yar nan," ya ce a hankali, "tsaya in duba shi."

Ta ji shi sarai. Amma muddin tana tafiya, bayan nata na motsi, kuma ba za ta iya rabe motsin takunta da na ƙirjinsa ba. Ta kai bakin famfo, ta juyo, ta gyara ɗaurin zanen.

"Bari ya yi nisa tukuna, Baba," ta ce, ta ci gaba da tafiya.